Kafar da Na Toshe a Kibokoni

Tun da aka kafa garin Mombasa ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce ni ba. Ku tambaya tun daga Likoni har Nyali. Ni Fundi Kombo, wanda in ya ratsa lungu mata kan leƙo ta taga suna tambayar angon wace ce wannan, yau ni kyanwoyi ke rakawa masallaci. Kyanwoyi fa! Mai turaren da nake ciniki a wurinsa tun ina saurayi ya roƙe ni in riƙa tsayawa daga waje ina nuni da yatsa. Matata Riziki ta jera matasai a tsakaninmu, wai bayanta ke ciwo. Duk wannan don me? Don na taimaki wata tsohuwa.

Sana'ata gyara da ɗaura esi, na'urar sanyaya ɗaki. A garin nan aiki ba ya yankewa, domin iskar teku gishiri ce zalla, tana cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin icce. Masu gyara da yawa, amma ni kaɗai ne ke zuwa aiki da farar riga in koma gida da ita fara tas. Ku riƙe wannan, shi ne martabata.

Tsohuwar sunanta Bi Mwanajuma, muna ce mata Bibi. Tana zaune a saman bene a wani tsohon gida a Kibokoni, bayan ɗakinta yana kallon teku. Idanunta sun kusa tafiya, sai dai haske da duhu. Tsohuwar na'urarta irin akwatin nan ce ta taga, ta ruɓe har in ka taɓa ta sai tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Ɗanta da ke aiki a Maskat ya aiko mata da sabuwa, irin mai kashi biyu: rabi a maƙala a bangon ɗaki, rabi a waje. Irin wannan dole a huda bango, a zura bututun tagulla da tiyon da ruwa ke bi ya fita.

Na ƙwanƙwasa bangon. Dutsen teku ne, kaurinsa ya fi tsawon hannuna. Mai huda wannan sai ya fito kamar an tono shi daga kabari.

Sai na ɗaga kai. Can sama, kusa da rufi, ga kafa a shirye, zagayayya, faɗin dunƙulen hannu. Bakinta sumul, ya yi baƙi, yana naso. Ana hango sararin sama ta cikinta.

"Huda duk inda ka ga dama, ɗana," in ji tsohuwar, kamar ta ga inda nake kallo. "Ban da waccan. Ta baƙo ce."

"Wane baƙo, Bibi? Ɓera ko tsaka?"

"Kai ne ɓeran, mai ƙamshin gawa. In teku ta cika yakan shigo ya huta, in ta janye ya koma. Tun zamanin kakata haka yake. Bai taɓa taɓa kowa ba, mu ma ba mu taɓa tare masa hanya ba."

"To baƙon nan yana kawo tsaraba?"

"Yana kawo zaman lafiya. Kai me ka taɓa kawo wa wani ban da surutu?"

Na yi dariya na ce na ji. Sannan na yi abin da duk mai basira zai yi. Na samo wani tubali a tsakar gida, na ajiye shi a ƙasa, na kunna injin huda a kansa ya yi ta ihu. Ina tari na ƙarya, ina cewa kai, wannan bango akwai taurin kai. Tsohuwa tana ta yi mini sannu, har da aiko mini da gahawa da mahamri, fankenmu na nan. Da na ƙoshi, na hau tsani, na zura bututu da tiyo ta kafar baƙo, na cike gefe da gefe da siminti, na rataya na'urar a kai ta rufe wurin ruf. Sanyi ya sauko. Rigata ko ɗigo.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar sakaliya, na yi wanka na sha turare zan tafi walimar wani abokina. Sabuwar riga ce, ɗinkin ranar. Sai waya ta yi ƙara. Da ƙyar na gane muryar tsohuwar, kamar ana goga busasshen ganye.

"Fundi... zo. Injinka na wari."

Na ce a raina, tiyo ne ya toshe, aikin minti kaɗan. In biya in busa in wuce.

Rana ta kusa faɗuwa da na shiga lungun. Teku ta janye, ana jin warin laka daga bakin gaɓa. Wannan kowa ya saba da shi. Amma tun daga matakalar benen wani wari daban ya tare ni. Ƙarni ne, irin na kifin da aka manta a cikin buhu, haɗe da hamamin bakin wanda ya daɗe bai ci abinci ba. Na toshe hanci da hankici. Warin ya ratsa hankicin, ya ratsa turaren, ya zauna mini a maƙogwaro.

Ɗakin sanyi ƙalau, kuma a bushe. Ban taɓa jin bushewa irin wannan a Mombasa ba. Fatar hannuna ta fara ja.

Bi Mwanajuma na kwance a kan gado. Matar da ta zage ni da ƙarfinta kwanan baya ta koma kamar busasshen kifi. Leɓunanta sun tsage. Kewaye da gadon ga kofuna, ga buta, ga kwano, ga tulu, duka wayam.

"Maƙwabta na kawo ruwa," ta ce a hankali. "Kafin in kai baki ya ƙafe. Har yawuna. Har hawayena."

"Zazzaɓi ne, Bibi. Bari in..."

"Shh. Rage murya." Ta ɗaga yatsa ta nuna sama. "Baƙon bai fita ba. Ƙishi yake ji. In ya gama da kofuna, ni yake sha."

Na kashe na'urar. Ƙarar ta tsaya.

Amma murfin da iska ke fitowa bai tsaya ba. Ya buɗe. Ya rufe. Ya buɗe. A hankali, kamar kunnen kifin da aka jefa a kan yashi.

Na ce wa kaina ragowar wuta ce. Na hau tsani. Na ɓalle fuskar na'urar.

Wallahi na ga ƙazanta a sana'ar nan. Na ga funfuna, na ga gawar tsaka, na ga yauƙin da ke taruwa a tiren ruwa kamar majina. Wannan ba shi ba ne. Wani abu ne toka-toka, ya cika tiren, ya nannaɗe ƙarafan ciki, ya cusa kansa cikin bakin tiyo. Akwai gashi a jikinsa, dogo, fari. Akwai ƙananan ƙaguwa matattu maƙale a ciki. Duk inda ɗigon ruwa ya taru, sai wurin ya motsa ya shanye shi.

Na sa sukundireba na taɓa.

Ya noƙe.

Na sauko tsanin ban san da ƙafa ko da baya ba.

"Teku na can nesa," tsohuwar ta raɗa. "Ba shi da ƙarfin bin ta. Fitar da shi, Kombo. Ba zan kai asuba ba."

Duk mai gyaran esi ya san yadda ake buɗe tiyon da ya toshe. Ba ma faɗa wa masu gida, amma haka ake yi: ka je ƙarshensa na waje, ka sa a baki, ka zuƙa. In ka ji abin ya taho, ka yi maza ka tofar. Na yi haka sau ba adadi, kuma ban taɓa bari ko ɗigo ya taɓa harshena ba.

Na sauka, na zagaya bayan gidan. Lungu ne siriri, kwata na bin tsakiyarsa tana gangarawa teku. Ba kowa. Tiyon na reto a jikin bango, bakinsa a bushe ƙamas. Sama ta yi ja.

Na goge bakin tiyon da hankici. Na yi bisimilla. Na zuƙa.

Shiru.

Na sake zuƙa.

Sai aka zuƙe ni.

Harshena ya manne a bakin tiyon. Yawuna ya tafi. Na ji danshin maƙogwarona na bin tiyon yana hawa sama. Idanuna suka bushe har ƙiftawa ta gagara. Na ja da hannu biyu, tiyon ya ƙi barin bakina.

Daga nan na ji magana. Ba da kunne na ji ba. Ta cikin haƙorana ta biyo.

"Ja."

Na dafa bango.

"Ja... ɗan kirki."

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa. Na rufe ido. Na tattara duk numfashin da Allah ya ba ni, na zuƙa.

Ya taho.

Sanyi. Gishiri. Yauƙi. Ya cika mini baki har kumatu. Gashi ya naɗe harshena. Wani abu mai ƙafafu ya yi tafiya a dasashina.

Sai na ji yatsu. Ƙanana, masu laushi, babu ƙashi. Suka dafa haƙorana na ƙasa daga ciki, kamar mai dafa bakin taga zai fita.

Na haɗiye. Ba da niyya ba. Loma guda.

Na faɗi da baya, tiyon ya fita. Abin ya ci gaba da zubowa, a kan gemuna, a kan ƙirjina, a kan sabuwar rigata. Yana zubowa ba ya ƙarewa. Ya taru a bakin kwata. Ya tattara kansa.

Ya miƙe zaune.

Kamar tsoho ne, siriri, fatarsa fara irin ta cikin kifi. Idanu manya, babu fatar rufewa. Baki babu leɓe. Ruwa na tsiyaya daga inda ya kamata hanci ya kasance.

Ya dube ni. Ya matso.

Ya kama gefen rigata, inda ya rage fari. Ya goge fuskarsa da shi, a natse, gefe da gefe. Ya fyace.

"Buɗe," ya ce.

Ya kwanta a cikin kwata, ya sulale, ya bi gangare. Can ƙasa na ji ɗan ƙaramin tsulum.

Aman da na yi a lungun nan, na tabbata har abincin sunana ya fito. Walima kuwa ko tunawa ban yi ba. Na rarrafa na hau benen, na sauke na'urar, na sa guduma na farfashe simintin har iskar teku ta shigo ta kafar, mai ɗumi, mai danshi. Sannan na ɗauki injin na huda bangon nan na gaskiya, kamu guda daga gefe. Ƙura ta rufe ni tun daga gashin kai har yatsun ƙafa, ta haɗu da yauƙi ta zama laka.

Wata maƙwabciya ta kawo ruwa. Wannan karon ya tsaya a kofi. Bi Mwanajuma ta shanye, ta nemi ƙari, ta sake nema. Da muryarta ta dawo, abin da ta fara yi da ita shi ne wannan:

"Yau kukan injin naka daban ne, Fundi. Da nake kwance na yi ta tunani, bangon gidanmu ba ya kuka irin na rannan. Me ka huda mini?"

"Tubali, Bibi."

"Tubali." Ta shaƙi iska ta wajena, ta yamutsa fuska. "To matsa can. Gara ƙamshin gawar da wannan."

Tsohuwar tana nan da ranta, ta ma yi ƙiba. Na'urar na aiki lafiya, kafar na buɗe. Rigar na ƙona ta, hayaƙin ya kori maƙwabta daga gidajensu.

Ni kuwa lomar nan ba ta fita ba. Duk lokacin da teku ta cika, ko ina sahun salla ko ina tsakiyar cin biriyani, sai bakina ya cika da ruwan gishiri, ƙarnin ya taso ta kowace kafar gashi. Na yi wanka da lemun tsami, na yi hayaƙi, na sha rubutu. Masunta yanzu ba sa duban teku, ni suke shinshinawa. In na wuce sai ka ji, "Fundi, mu tura jirgi ko mu jira?" Yara marasa tarbiyya. Kyanwoyi kuma kun riga kun ji.

Na zargi ɗan da ya aiko da na'urar. Na zargi wanda ya gina bango mai kaurin nan. Na zargi tsohuwar da ba ta yi mini bayani yadda zan ji tsoro ba. Riziki ta saurare ni duka, daga bayan matasanta, ta ce, "To, kai fa?"

Ni fa. To, tunda an zo nan, akwai ɗan abin da na tsallake. Ranar da nake cike kafar da siminti, teku ta fara janyewa. Saura ɗan wuri kaɗan in rufe, sai na ji wani abu mai sanyi ya bi ta kafaɗata, ya taɓa wuyan hannuna, yana neman hanyar fita. Har na ji ya yi ɗan gyaran murya, irin na mai neman izini.

Na ji tsoron kada ya ɓata mini hannun riga. Na sa babban yatsa na ture shi gefe, na shafe wurin sumul.