Tulun Goggo

A wani gari, can da, an yi wata yarinya mai suna Tasalla. Ba ta manta ranar da ta fara ganin tsohuwar nan a bakin rijiya ba, tsaye kan cikakken tulu, tana jiran mai ɗora mata.

"Ɗora mini, 'yar nan," in ji tsohuwar.

Tasalla ta ɗora mata. Gobe ma ta ɗora mata, jibi ma haka. Sai daga baya ta ji cewa goggonta ce, yayar babanta, wadda suka yi faɗa tun ba a haife ta ba, har yau ko gaisuwa ba sa yi.

Rannan ta ce, "Goggo, wa ke sauke miki a gida?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Bango nake jingina wa. Rabin ruwan ƙasa ke sha."

Abin ya tsaya wa Tasalla a rai.

Wata safiya suna tahowa, kowacce da tulunta a ka, daidai ƙofar gidan su Tasalla gammon Goggo ya zame. Baba na zaune yana saƙar tabarma.

"Baba, kama mata! Zai faɗi!"

Bai tsaya tunani ba, ya zabura ya tare tulun. Suka sauke shi tare, fuska da fuska, ruwa ya jiƙa su duka.

"Yaya," in ji shi a hankali, "kin rame."

"Kai ma ka yi furfura, ɗan ƙanena."

Tasalla ta shimfiɗa musu tabarma, ta ce, "Goggo, daga yau ni zan ɗora miki, kuma ni zan sauke miki."