Garken Ramin Ɗinya

Rana ta riga ta sauka bayan itatuwan gawo lokacin da Tsoho ya turo amalankensa cikin gida, a wani ƙauye tsakanin Magariya da Dungas. Manomi ne da damina, masunci da rani, kamar ubansa. Bana gero bai yi ba, rumbu ya kusa kai ƙasa tun rani bai yi nisa ba. Tafkin garin kuma ya janye ya bar busasshiyar laka, don masu lambu sun kewaye shi da injin ban ruwa. Kifin da ya rage duk ya taru a wani rami mai zurfi ƙarƙashin tsohuwar ɗinya, inda masunta ba sa jefa birgi, wato ragar kamun kifi, tun zamanin kakanni. Ranar nan Tsoho ya jefa.

Matarsa Turai ta leƙa darukan da ke cikin amalanken, ta ga tarwada baƙaƙe, kowace ta kai tsawon hannun babba.

"Maigida, wannan daga ina?"

"Daga tafki mana. Hura wutar banda."

Ba ta ƙara tambaya ba. Waɗanda suka mutu a hanya ta gyara su ta jera kan banda, masu rai kuma aka juye su a babbar randa, su jira kasuwar Dungas.

Ladan yana idar da kiran magariba dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano. Na biyu ya sauka gefen murhu, ya tarwatsa garwashi. Tsoho ya fita da sanda ya zagaya danga, bai ga kowa ba, ko kare bai yi haushi ba. Da ya ɗauki dutsen sai ya ji shi jiƙe, da sanyi, gansakuka koriya ta lulluɓe shi.

Sai gidan ya yi tsit. Cikin shirun aka ji wani siririn kira, irin wanda makiyaya ke yi wa shanu in za su koma ruga. Ba daga waje yake zuwa ba. Duk lokacin da ya tashi, sai kifin randa su motsa gaba ɗaya.

Zulfa ce, ƴar autarsu da ke koleji a Magariya, wadda ta zo hutu. Tana durƙushe gaban randar, hannunta cikin ruwa har gwiwa, tarwada suna goga jiki da shi, ba wadda ta soke ta da ƙaya.

"Zulfa," in ji Turai. "Taso daga nan."

Yarinyar ta juyo a hankali. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, mai kauri, kamar ana magana daga cikin rijiya.

"Ba su cika ba."

Haka abin ya ci gaba kowace magariba. Da rana Zulfa tana kwance kan tabarma, jikinta sanyi ƙalau, ba ci ba magana. An kai ta likita a Dungas, ba a sami ko zazzaɓi ba. In Tsoho ya doshi randar don ya kai kifin kasuwa, sai dutse ya tare masa gaba. Maƙwabta suka daina shigowa. Ranar da Zulfa ta ƙi ko ruwan sha, Turai ta tsaya gaban mijinta.

"In ba za ka je ba, ni zan je. Ka kira Malam Abdulwahabu."

Bayan la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke malamin, dattijo siriri mai ƙaramar murya. Ya sa aka fito da Zulfa tsakar gida, Turai ta riƙe kanta a cinya. Ya fara karatu, bai ɗaga murya ba, bai tsaya ba, har inuwar danga ta rufe gidan. Sai jikin yarinyar ya sandare.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Makiyayiya ce. Tun kafin a kafa garin nan nake kiwo a ramin ɗinya. Ruwa ya ƙafe, na tattara garkena wuri guda don su ga damina. Wannan ya zo ya kwashe min iyayen garke."

Malam ya dubi Tsoho. Tsoho ya sunkuyar da kai.

"Rumbuna ya ƙare, Malam."

"Nawa ma ya ƙare," in ji muryar.

"An zalunce ki," in ji malamin. "To yarinyar me ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Amma ƙafafuna sun tsufa. Tana da haƙuri, kifin sun saba da hannunta. Zan tafi da ita ta yi min kiwo a madadin waɗanda aka gasa."

Turai ta ƙanƙame ƴarta, ta kasa ko kuka.

"Wannan ba zai yiwu ba," in ji Malam, ya ci gaba da karatu. Zulfa ta yi ta birgima, duwatsu suka zubo kan rufi kamar ƙanƙara, hayaƙin banda ya kwanta ƙasa.

"To a yanka min baƙin bunsuru a gindin ɗinya!"

"Ba a yanka sai don Allah. Nemi abin da yake haƙƙinki."

 Da muryar ta sake fitowa, ta yi laushi, kamar ta wadda ta gaji.

"A mayar min da masu rai kafin duhu. Kada birginsa ya sake taɓa tafkin, ko da bakin ruwan ne, sai ruwan sama ya cika shi. Waɗanda aka gasa kuma kada ya ci, kada ya sayar."

Tsoho ya ɗago kai. Damina na da nisa, kuma ban da tafkin ba shi da wata madogara. Ya dubi fuskar Zulfa, leɓunanta sun bushe sun tsage.

"Na yarda," in ji shi. "Bandar a raba wa mabukata."

"Ke kuma fa?" in ji Malam.

"In sun shiga ruwa, na fita. Allah ne shaida."

Suka ɗora randar a amalanke, Tsoho na turawa, malamin na biye da shi. A gindin ɗinya Tsoho ya karkata randar da hannunsa. Kifin suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ruwan ya rufe a kansu ba tare da ko kumfa ba. Ya daɗe a tsaye. Daga nan ya tambayi malamin ko ya san mai lambun da ke neman ɗan ƙwadago.

A gida, Zulfa ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ɗumi ya fara dawo mata. Ta buɗe ido.

"Inna, yunwa nake ji."

Turai ta yi hamdala, ta miƙe za ta ɗauko fura, sai idonta ya sauka kan ƙafafun yarinyar. Baƙar laka ce ɗanya ta rufe su har ƙwauri, da ganyen bado maƙale tsakanin yatsu, alhali tun da rana Zulfa ba ta taka ƙasa ba.

Ta ɗebo ruwa a buta, ta durƙusa, ta wanke su tas kafin mijinta ya dawo. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.