Abin da Foldar Jarrabawa Ta Tuna

Ranar Litinin da safe aka tsinci tambayoyin jarrabawar lissafi a littafin wani ɗalibi, alhali jarrabawar sai Laraba. Da aka bi sawu, aka tarar takardar ta zaga ajin ƙarshe kaf, kowa ya ce a wurin wani ya kwafa.

Shugaban makaranta bai yi dogon tunani ba. Sakatariya ce ta buga tambayoyin, don haka ya karɓe makullanta, ya ce ta tattara kayanta kafin a tashi. Shekararta goma sha ɗaya a wannan kujera.

Malamar kwamfuta, wadda yara ke kira Sannu-sannu don ba ta gaggawa, ta roƙi a ba ta awa ɗaya. Mutum uku suka san kalmar sirrin kwamfutar ofis: Sakatariya, Mataimakin Shugaba, da Baban Sito mai kula da kayan makaranta. Malama ta buɗe foldar jarrabawa, ta ƙura mata ido, ta rufe ba ta taɓa komai ba. Sai ta haɗa sabuwar folda mai fayil arba'in, ta kira su ɗaya bayan ɗaya a gaban Shugaba.

"Yaya, nemo mini jadawalin wasanni a nan," ta ce wa Sakatariya.

Sakatariya ta share ido, ta bi ƙananan layukan sunaye, nan take ta nuna.

"Haka kike barin foldar jarrabawa?"

"Kullum. Ran Juma'a ma haka na rufe ta."

Mataimaki ya shigo yana mita. "Yau ni ake gwadawa kamar ɗan aji ɗaya?" Bai ko kalli jerin ba, ya rubuta sunan a gurbin nema, fayil ya fito. "Ni ba na bin layi, Malama."

Baban Sito ya zauna yana laluben aljihu. "Tabarau na wurin gyara tun Alhamis, 'yata, sai haƙuri." Ya kama linzamin kwamfuta, ya yi ta ƙara girman fayilolin har kowanne ya kai kwalin ashana, sannan ya gano jadawalin.

Malama ta buɗe foldar jarrabawa a gefe. Fayilolinta ma manya-manya ne, daidai wannan girman.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Shugaba, "kwamfutar nan tana tuna yadda aka bar kowace folda, ko ba a ce mata ba. Sakatariya ƙananan layuka take so. Mataimaki ba ya ma duba jeri. Wanda ya shiga bayan Juma'a ba ya gani sosai, ya ƙara girma, ya kwafa, ya rufe, yana zaton komai zai koma yadda yake." Ta juya a hankali. "Baba, kai ka zo ran Asabar karɓar sababbin kujeru, ko?"

Tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Autata ce," ya ce. "Sau biyu tana faɗuwa lissafi. Ita kaɗai na ba, wallahi. Ban san za ta raba ba."

"Da ka kawo mini ita, da na zauna da ita," in ji Malama.

Shugaba ya ce wa Baban Sito ya jira shi a ofis. Sannan ya tura makullai gaban Sakatariya, ya kasa haɗa ido da ita. Ta ja kujerarta ta zauna, ta mayar da foldar jarrabawa zuwa ƙananan layuka.