Ɓarawon da Ya Lulluɓe Inji

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na safiyar Asabar Rhonda Tabone ta dawo daga asibiti a Bendigo, ta zaga bayan gidanta da ke Castlemaine, ta tarar an fasa tagar rumfar da suke ɗaukar waƙa. Ba ta yi ihu ba, don ba ta da muryar yi. Wata uku ke nan da aka yi mata aiki a maƙogwaro, aka bar ta da raɗa. Sai da ta maimaita maganar sau uku a waya kafin 'yan sanda su gane abin da take faɗa.

Sajan Noelene Prowse ce ta zo. Shekara ashirin da shida tana aiki a garin, duk wanda ta sani ta san uwarsa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa ɗakin kallo. Jita biyu na rataye, ganguna na nan, fiyano na nan. Ɓarawon bai taɓa ko ɗaya ba.

"Me aka ɗauka?"

"Tef na biyu," in ji Rhonda, hawaye suka zubo mata.

Su uku ne a ƙungiyar: Rhonda mai waƙa da jita, Des Hanrahan mai ganga, wanda gyaran famfo ne sana'arsa, da Alwyn Petrie mai fiyano, wanda ke bin gidaje yana saita fiyanon mutane. Kiɗansu rok ne irin wanda waƙa ɗaya sai ta ci minti ashirin, ta tashi ta kwanta ta sauya taki sau biyar, ka sha shayi ka wanke kofi ba ta ƙare ba. Babu kamfani a bayansu. Masoyansu a duniya ba su wuce ɗari huɗu ba, amma ɗari huɗun nan ba sa wasa. Taurin kai kuma ya hana su kwamfuta, a kan tef suke ɗauka, irin wanda ke naɗewa daga kwarkwaro zuwa kwarkwaro. Shekara biyar suka yi a kan kundinsu na huɗu. Tef na farko waƙoƙi huɗu ne, na biyu waƙa ɗaya tal, minti ashirin da ɗaya, wadda Rhonda ta rera mako biyu kafin a shiga da ita tiyata. Babu kwafi. Idan tef ɗin nan ya tafi, muryar Rhonda ta tafi ke nan. Litinin za a kai tef ɗin Melbourne a yanka faifan garmaho, gobe Lahadi kuma an gayyaci abokai su fara ji.

Noelene ta tambayi yadda suka bar ɗakin. Rhonda ta ce jiya da yamma suna sauraro, sun kai tsakiyar tef na biyu, sai ta gaya musu ta gayyaci Merle Whitlock zuwa sauraron ranar Lahadi. Alwyn ya ce kansa na ciwo, ya tafi. Ita da Des suka kashe injin, tef na biyu na kansa, na farko kuma a buɗe a kan tebur, suka fita neman abinci.

"Kun lulluɓe injin?"

Rhonda ta girgiza kai.

To ga shi yanzu a lulluɓe da wani tsohon mayafin tebur mai zanen furanni, fasassun gilashi warwatse a kansa. Noelene ta ɗaga mayafin a hankali. Ko ɓarɓashi babu a ƙasansa. Kwarkwaro ɗaya ne a kan injin, ba komai a jikinsa, ga warin sifirit, ga auduga biyu a kwandon shara. Tef na farko yana cikin kwalinsa a kan kanta. Ta buɗe, ta ga ya naɗu sumul kamar sabon faranti. Maƙwabciya kuma ta ce ta ji ƙarar gilashi wajen takwas da rabi, ta ɗauka kwalba ce. Rhonda kuwa tun bakwai ta bar gida, takardar asibiti na hannunta.

Noelene ta sami Des a bayan mashaya, jiƙe har gwiwa. Bututu ya fashe, tun shida yake fama, mai mashayar ya shaida ko fitsari bai fita yi ba.

"Merle ce, Sajan," in ji Des. "Da ni ne ita, da na ƙone rumfar ma."

Da kansa ya ba da labarin, yana kallon takalminsa. Mijin Merle, Colin, shi ya kafa ƙungiyar. Giya ta yi masa yawa, shekara ashirin da biyu da suka wuce suka kore shi, ba ma baki da baki ba, wasiƙa suka tura masa ta ƙarƙashin ƙofa. Bayan shekara shida ya mutu. Ranar jana'izarsa suna wasa a Ballarat, ba wanda ya je. Des ya ce har yau idan ya hango Merle a kanti sai ya sauya layi.

Noelene ta nuna masa hoton tef na farko a wayarta, ta tambayi wa yake naɗi haka. Des ya yi tsaki.

"Limaminmu mana. Ni dai in danna, ya juya fuu, in tafi aikina. Shi kuwa Alwyn wai haram ne. Wai sai a bar tef ya tafi da ƙafarsa har ƙarshe, a ajiye shi haka wutsiya waje, ba a mayar da shi baya ba, in ba haka ba sauti ya yi naso. Sannan a goge bakin inji da sifirit, a lulluɓe shi da mayafin babarsa. Shekara talatin yana mana wa'azin nan."

"In an bar shi ya tafi da ƙafarsa, minti nawa?"

"Tsawon waƙoƙin mana. Ashirin."

Sai a nan Des ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya ajiye sifana.

Duk da haka Noelene ta bi ta kasuwar Asabar, don ba ta son barin ƙofa a buɗe. Merle na teburinta tana sayar da jam ɗin tuffa tun shida, mai tsiran alade na kusa da ita ya ce ba ta motsa ba. Ba ta da makullin rumfar, ba ta ma taɓa shiga ba. Ta ce gobe za ta je, ko don ta ga idonsu. Noelene ta tambaya ko akwai wanda ya ƙara neman Colin bayan korar.

"Alwyn kaɗai," in ji Merle. "Yakan zo ya zauna mana a kicin, Colin na wanke-wanke yana fito da baki. Waƙa ɗaya ce kullum, har ta ishe ni. Yanzu kuwa ina ma in ji ta."

A zauren coci ta sami Alwyn, kansa cikin fiyano. Dogo ne siriri, mai tsabta har ta yi yawa. Da ya ga Noelene sai ya jera kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya a kan ƙyalle.

"Ina kake da takwas na safe?"

"Gida."

"Wa ya gan ka?"

"Kyanwa."

Noelene ta ja kujera ta zauna. Ta ce bari ta ba shi labarin wani ɓarawo. Gilashi a kan mayafi yake, babu a ƙasa, ke nan an lulluɓe injin kafin a fasa tagar. Wanda ya shiga da makulli ya shiga, tagar ado ce kawai. Makulli uku ne, na ku ukun, Rhonda da Des kuma suna da shaida. Ɓarawon nan ya tarar da tef a tsakiya, bai fizge ba, ya tsaya minti goma ya ƙarasa naɗuwa. Ya ga ɗayan a yashe a kan tebur, zuciyarsa ta kasa, ya ƙara minti ashirin ya naɗe shi yadda ya kamata, ya sa a kwali. Ya goge inji. Ya lulluɓe shi don kada gilashin da zai fasa ya shiga ciki.

"Shekara ashirin da shida ina kama ɓarayi, Alwyn. Ban taɓa ganin wanda ya yi wa mai gida shara ba."

Kunnuwan Alwyn suka yi ja. Ya ce tef ɗin na cikin motarsa. Can kuwa suka same shi a kujerar gaba, cikin bargo, an ɗaura masa bel. A ƙasan kujera ga na'urar goge tef, ko igiyarta ba a warware ba.

"Na yi niyya," in ji shi. "Sai na tuna muryar Rhonda ce."

Sauran maganar a tsaye ya yi ta, yana kallon kwalta. Karin da aka gina waƙar a kansa, wanda ke shigowa a minti na shida, na Colin ne, shi ne fiton wanke-wanken nan. Alwyn ya riƙe shi a ka shekara da shekaru. Ranar da ya buga musu shi, Rhonda ta rungume shi ta ce bai taɓa rubuta abu mai kyau haka ba, shi kuma ya yi shiru. Shirun kwana ɗaya ya zama na shekara biyar. An buga kwalayen faifai ɗari huɗu, kowanne da sunansa shi kaɗai a ƙarƙashin waƙar. Mutum ɗaya ce a duniya za ta gane, ita ce kuma Rhonda ta gayyata. Ya ce kunya ce ta sa shi sata, yanzu ga shi ta ninku.

Noelene ta ce ƙara ta Rhonda ce, ita za ta faɗi abin da za a yi. Rhonda ta daɗe rungume da kwalin tef ɗin. Daga baya ta raɗa cewa ba ta son kotu. Gobe shi zai ɗora tef da hannunsa, shi zai yi bayani.

Ranar Lahadi mutum ashirin suka cika rumfar, an toshe tagar da kwali. Noelene na tsaye a baya cikin kayan gida. Alwyn ya miƙe ya faɗi komai, bai rage ko ɗaya ba. Des ya sunkuyar da kai, don shi ma ya sha jin fiton nan a mota zamanin da, bai gane shi ba. Merle na zaune, jakarta na kan cinya.

Tef ya fara juyawa. A minti na shida fiyano ya shigo, sai aka ji Merle tana bin sa da fito a hankali, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Can ta tsaya cak. Kiɗan ya wuce ta, muryar Rhonda ta ɗauka ta hau da shi. Har aka gama ba wanda ya motsa.

"Nan Colin yake tsayawa kullum," in ji Merle. "Bai taɓa sanin inda za ta ba. Ashe tana da ƙarshe."

Ta ɗauki kwalin faifai ɗaya ta karanta bayansa, ta buɗe jaka ta ciro biro, ta miƙa wa Alwyn.

"Nawa kuka buga?"

"Ɗari huɗu."

"Sunansa a gaban naka. Da hannunka, duka. Zan zauna in gani."

Alwyn ya karɓi biron, ya ja kwali na farko gabansa. Sai da ya goge idonsa sau biyu kafin ya iya ganin layin.