Makullin Rover

Motar ta zaɓi Tina Junction ta mutu, a tsakiyar titi, ranar wata Asabar ana yayyafi. Kausar ba ta yi mamaki ba. Tun tana firamare ta san halin Rover ɗin mahaifinta, ba ta lalacewa sai inda akwai 'yan kallo.

Masu keke mai taya uku suna ta danna hon, sai ga wani dogon saurayi mai tabarau ya tsallako cikin ruwa. Ya leƙa tagar hagu, inda kowane direba a ƙasar nan yake zama, ya tarar da dattijo mai farin gemu, hannuwa a kan gwiwa, babu sitiyari a gabansa. Sitiyarin yana dama, a hannun Kausar, yadda masu ƙera ta a Ingila suka ga dama.

"Salamu alaikum, Baba. Don Allah, ta sayarwa ce?"

Alhaji Shu'aibu, mahaifin Kausar, bai juyo ba. "Yanzu dai ta turi ce."

Saurayin ya tura har gefen titi. Kausar ta fito, ta ɗaga bonet, ta goge wayoyin da ruwa ya taɓa da bakin mayafinta. Ya tsaya yana kallon injin baki buɗe, daga baya ya kalli hannuwanta, daga ƙarshe fuskarta. Ta lura da wannan jeri, kuma ba ta manta ba.

Sunansa Mahdi, likitan dabbobi ne, yana duba shanu a mahautar Abattoir kafin a yanka. Tun yana yaro yake son tsofaffin motoci, ciwon da har yau ba a gano maganinsa ba.

Ita kuwa Rover, kakan Kausar ne ya saye ta daga hannun wani Bature mai haƙar kuza da zai koma gida. Koriya ce mai duhu, kujerun fata, gabanta katako mai sheƙi, ƙofarta in an rufe sai ka ji kamar an rufe ɗakin ajiyar banki. Yayyen Kausar maza suna Abuja da Kaduna, kuma sunan da suka sa wa motar shi ne akwatin Baba. Kausar, autarsu, ita ce ta tashi da sifana a hannu. Duk Asabar tana gareji a gidansu na Dutse Uku, ita da mahaifinta da amininsa Baba Hezekiya, tsohon makanike. Sauran ranaku tana koyar da fiziks a sakandare.

Asabar ta gaba Mahdi ya zo da gwangwanin man goge fata, wai don kujerun. Wadda ta biyo baya ya zo da filogi. Kafin damina ta ƙare ya daina neman dalili, ya koma zuwa bayan La'asar, sanye da kaftani mai guga.

Saƙonninsa ma suna zuwa, galibi da tsakar rana.

"Injiniyata, tun safe nake duba shanu, babu wadda ta iya harara kamar ke. Na yi kewa."

"Likitan awaki, kewar wa? Ni ko mai taya huɗu?"

"Ita ba ta amsa saƙo."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ke, Kausar. In ta ƙone gobe zan yi baƙin ciki na wata guda. In kika daina kula ni ban san ranar warkewa ba."

Ta karanta wannan a ɗakin malamai, ta kifa wayar a kan tebur, ta ci gaba da duba jarrabawa. A ranar kowane ɗalibi ya samu maki fiye da yadda ya cancanta.

Alhaji Shu'aibu bai ga abin murna ba.

"Yaron da ya tambayi kuɗin motata kafin ya tambayi sunana," in ji shi. "Shekara nawa ana zuwa mini da dabara? Wani da kuɗi, wani da Alhajin unguwa. Wannan ya fi su wayo, ya biyo ta hanyarki."

"Baba, ni yake so."

"Haka suke cewa."

Hajiya Maimunatu, mahaifiyar Kausar, tana da nata ɗan takarar, Badruddeen, ɗan ƙanwarta mai sayar da motocin tokumbo. Yaro ne mai ladabi da turare, laifinsa ɗaya. Ya taɓa shafa bonet ɗin Rover ya ce in Baba ya yarda zai sa a cire wannan tsohon injin a sa na Toyota, a huta. Tun daga ranar Alhaji yake amsa gaisuwarsa da hanci. Hajiya ta ce aure ba gareji ba ne.

Wata Asabar Kausar tana tsugune a bayan motar tana gyaran wayar fitilar birki, Mahdi ya shigo ya durƙusa ya gaida manya. Bai san tana nan ba.

"Mahdi, matso," in ji Alhaji. "Miƙo hannunka."

Ya miƙo biyu, kamar yadda aka koya masa. Alhaji ya saka masa makullin Rover a ciki.

"Na ba ka ita, kyauta, ga Hezekiya shaida. Abin da ya kawo ka gidan nan ke nan. Ka ɗauka, ka bar mini 'yata ta huta."

Kausar ta dakatar da aikinta, tana jiran ya ajiye makullin ya yi magana irin wadda yake rubutawa a waya. Sai dai Mahdi ya tashi a gidan kawunsa, inda ba a cewa babba a'a, ba a kuma mayar masa da abin da ya ɗora maka a hannu. Ga shi kuma gaban wanda yake fatan ya zama surukinsa, mutumin da ko ido bai taɓa haɗawa da shi ba. Ya sunkuyar da kai.

"Na gode, Baba," in ji shi. "Allah ya ƙara girma."

Alhaji ya kalli Hezekiya irin kallon wanda ya ci gardama. Kausar ta miƙe daga bayan motar, ta ajiye sukudireba a hankali, ta wuce cikin gida. A ranar Baba Hezekiya ya tuƙa Rover zuwa ƙofar gidan su Mahdi, domin Alhaji ya rantse ba za ta sake kwana a garejinsa ba.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Kausar, wallahi ba abin da kika ji ba ne."

"Injiniyata, ki ɗaga ko sau ɗaya."

Ta amsa guda ɗaya kawai: "Allah ya sanya alheri. Ka riƙa duba ruwan lagireto kafin ka fita."

Don ta ƙuntata wa kanta da kyau, ta bar Badruddeen ya zo zance. Ya yi mata bayanin farashin dala da kuɗin kwastan har aka kira Magariba. Hajiya ta ce ka ga yaro mai sanin abin duniya.

Asabar ta zo babu aikin yi. Ta tarar da mahaifinta zaune a gareji yana kallon tabon baƙin mai a siminti. Ya ci gardama, kuma ga dukkan alamu nasarar ba ta yi masa daɗi ba.

"Baba, da ka tashi yin kyauta, ba ka gan ni ba?"

Ya ɗago. "Ke? Ai ke aure za ki yi, ki tafi gidan wani."

"Su Yaya da ba za su tafi gidan wani ba, rabonsu da taɓa ta tun yaushe?"

Ya koma kallon tabon man. Ta gane cewa tunanin bai taɓa zuwa masa ba, kuma wannan ya fi mata zafi a kan da a ce ya yi tunanin ya ƙi.

Ranar Talata da aka tashi makaranta ta ga Mahdi a bakin get, a ƙafa, ya rame.

"Ina motarka?" in ji ta.

"Tana gida, na lulluɓe ta. Ko tayar da ita ban yi ba."

"So kake batir ya mutu?"

"Kausar, ki saurare ni. Hannuna ne ya karɓa, bakina ya yi godiya, kafin hankalina ya iso an gama. Washegari na kai masa makullin, ya ce kyautar dattijo ba ta komawa, in na sake kawowa na raina shi."

"Amma ka ji daɗi. Ko na ɗan lokaci."

Ya cire tabarau ya goge. "Da na ji nauyin makullin, na ji. Ba zan yi miki ƙarya ba. Kafin ya gama maganarsa daɗin ya zama nadama, kuma har yau ba ta sake ni ba."

Da ya musa, da ta wuce ta bar shi. Ta tsaya.

"Ka san abin da ya fi ɓata mini rai? Tun ban kai tsawon bonet ba nake hidimar motar nan. Na san kowace waya a cikinta. Kai ka zo da gwangwanin mai ɗaya, an ba ka ita don a kore ka."

Mahdi ya mayar da tabarau a fuskarsa.

"Ki ba ni izini in turo magabatana."

"Da wane baki? Naka ba ya aiki a gaban manya."

"Shi ya sa Allah ya halicci kawunai, Injiniyata."

Ta ɓoye murmushinta a mayafi. "Ka tayar da ita yau, ka bar ta ta yi zafi. Sauran kuma, ka turo mu gani."

Kawun Mahdi ya zo ranar Lahadi da dattawa biyu da goro. Baba Hezekiya ma yana falo, Alhaji ya kira shi don ya ga yadda za a sallame su. Kausar tana ɗakin Hajiya, kunnenta a jikin labule.

Bayan doguwar gaisuwa, kawun ya ce sun zo nema wa ɗansu auren Kausar.

"Na sallami ɗanku," in ji Alhaji. "Ya samu abin da yake so."

"Shi ya sa muka zo da maganar sadaki tun yanzu, Alhaji, ko da yake ba a saba ba. Yaron ya ce ba shi da abin da ya fi daraja a wurinsa kamar wata mota Rover. Ita yake so ya bayar sadaki, ta zama mallakin yarinya ita kaɗai. Mun tambayi malamai, sun ce ya halatta."

Alhaji ya gyara zama.

"Da motata za a biya sadakin 'yata?"

"Wane motarka?" in ji Baba Hezekiya. "A gabana ka ba shi, Alhaji. Ni na tuƙa shi har ƙofar gidansu, kai kana tsaye kana rantsuwa."

"Hezekiya, kai shaidana ne ko nasu?"

"Ni shaidan abin da na gani ne."

Aka ji Alhaji ya yi gyaran murya, ya sake yi. Da ya yi magana, muryar ta sauko.

"Wanda ya zo don mota ba ya sakin ta. Na yi wa yaron nan mummunan zato." Ya juya wajen kawun. "Amma sadaki haƙƙin yarinya ne. A tambaye ta."

Hajiya ta juyo ta kalli 'yarta, wadda hawaye ya riga ya amsa mata. Ta yi ajiyar zuciya, ta sallami Badruddeen da turarensa a zuciyarta.

"Sai ki buɗe baki ki faɗa, kada ke ma ki ce na gode a tafi da ke inda ba ki so."

"Na karɓa, Mama."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Da mai sanarwa ya ce sadaki mota ce ƙirar Ingila wadda ta girmi ango da amarya in an haɗa shekarunsu, lakadan ba ajalan ba, sai da liman ya jira dariya ta lafa kafin ya yi addu'a. Badruddeen ya zo, ya ci shinkafa, ya raba katin shagonsa.

Saƙon ango ya shigo wayar amarya kafin masu albishir su iso.

"Matata, an ɗaura. Yanzu ba ni da mota, kuma ban taɓa jin na yi arziki kamar yau ba."

"Mijina, in ka yi ladabi zan riƙa rage maka hanya zuwa Abattoir."

Bayan biki suka zo Dutse Uku gaisuwa, ita a sitiyari, shi a gefe. Alhaji Shu'aibu ya fito, ya zagaya motar, ya shafa ƙofa, ya duba taya. Ya tsaya a tagar 'yarsa yana gyara hula.

"Hajiya mai mota, akwai ɗaurin auren jikan wani abokina ranar Asabar. Ko za a ba ni aro?"

"Za a duba, Baba. Amma ni zan tuƙa."

"To, na gode," in ji shi. Ya ɗora hannu ɗaya a kan rufin motar, ɗaya a kafaɗar Mahdi, wanda tuni ya fito ya durƙusa. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ya sa ku yi haƙuri da juna yadda muka yi da wannan tsohuwar, ku daɗe fiye da ita."

Suka ce amin.