Yatsa a Cikin Kwanson Roba

Ranar Litinin da hantsi wani ɗan kasuwa, Rafał Gryka, ya shigo ofishin 'yan sanda na Toruń ya dire kwanson roba a teburin Sufeto Bogna Sarnecka. A ciki akwai tsohon kwabon azurfa na zuloti biyar, bugun 1932.

"Jabu ne, Pani Sufeto. Pan Ludwik Kania ya sayar mini. Lambar kamfanin tantancewa daidai take, amma kwabon bai kai nauyi ba."

Sufeto ba ta san kan tsoffin kuɗi ba, ba ta kuma yi kamar ta sani ba. "Ana buɗe wannan abin?"

"Inji ke haɗe bakinsa. Sai dai a fasa."

Ta bi gefen da farce. Ta ji wani ɗan tudu.

Pan Ludwik tsohon malamin makaranta ne, shekararsa arba'in a ƙungiyar masu tara kuɗi ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ranar Alhamis za su zauna su kore shi. Da Sufeto ta je wajensa, ya ba ta tausayi, amma tausayi ba hujja ba ne.

"Kwabon ya taɓa barin hannunka?"

"Sau ɗaya. Baje kolinmu a laburare, kwana uku."

"Makullin akwatin da aka baje shi a ciki fa?"

"Yana wajen shugabanmu, Teodor Mrozek. Amma haba, Pani. Duk Lahadi tare muke shan shayi."

Pan Teodor ya tarbe ta a gidansa da farar safar hannu, kamar mai shirin yi wa wani tiyata. Irin mutanen nan ne da ke gyara maka magana kafin ka ƙarasa.

"Ban buɗe akwatin ba. Ni ko kwabo ban taɓa kamawa da hannu tsirara ba, kowa ya sani."

"Kana son kwabon Pan Ludwik?"

"Wancan? Duk ya side. Ko kyauta ba na so."

A bango akwai allon da ya jera zuloti biyar-biyar shekara bi shekara. Gurbi ɗaya ne babu komai.

A ɗakin bincike ta haska kwanson da fitila. Wani farin hazo ya kwanta daga ciki. Ta yi murmushi, don wannan kam sana'arta ce: da tururin gam ɗin sufa-gulu 'yan sanda ke fito da zanen yatsa. Wanda ya tsaga kwanson ya manne shi, ya yi musu aikin da kansa. Ga babban yatsa nan fari tas, a kulle ciki.

Ranar Alhamis ta shiga taron da kofur ɗaya. Ta ajiye hoton zanen yatsan a gaban shugaba.

"Gam yana kama auduga, ko ba haka ba, Pan Teodor? Shi ya sa dole ka cire safar lokacin da kake manne kwanson. Mu je a ɗauki yatsanka, ko ka taƙaita mana?"

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da kwabon na gaske a naɗe cikin ƙyalle.

"Gurbi ɗaya ya rage mini," ya ce. "Na ji zai sayar wa baƙo." Ya juya ga Ludwik. "Me ya sa ba ka tallata mini ba, tsohon banza?"

"Shekara talatin kana cewa ya side," in ji Ludwik. "Na yarda da kai, Teodor. Kunya ce ta hana ni."

Sufeto ta yi wa kofur alama, ya kama hannun Teodor, ya miƙa ɗayan zai ɗauki kwabon.

"Ta gefe," Teodor ya ce a hankali. "Don Allah, ta gefe ake riƙe shi."