Wanda Ya Zo Neman Goɗiyarsa

Rana ta yi ja a kan dabinan Wadi Bawanis, a kudancin Libiya, lokacin da Kamilou ya ɗauko damin ciyawa daga gonar maƙwabta ya kamo hanyar gida. Tafiyar ba ta da nisa. Ana bin gefen magudanar ruwa, a wuce tsohuwar rijiyar da aka daina ja, sai a ɓullo gaban garken dawaki. Shekarar ta ɓace mini, kamar yadda abubuwa da yawa ke ɓace mini yanzu. Lokacin nunar dabino ne dai, wannan kam na riƙe.

Garken na wani dattijo ne Balarabe, Haj Miftah, wanda ya yi kasuwanci a Sabha har ya gaji, ya koma gonar ubansa kusa da Samnu. Ba don tsere yake ajiye dawaki ba, ba kuma don ado ba. Waɗanda aka yar yake tarawa. Doki ya yi shekaru yana jan amalanken bulo da siminti a cikin gari, ranar da gwiwarsa ta ƙi, sai a kwance shi a bayan kasuwa a yi gaba. Wani a tarar da shi yana cin kwali a juji. Wani an bar shi a turke a gonar da masu ita suka gudu lokacin faɗa, igiya ta ci wuyansa. Haj sai ya aika mota a ɗauko. Kamilou kuwa, mutumin Dogondutsi da ya fito da niyyar tsallaka teku ya maƙale a nan, shi ke wanke gyambo, ya cire kaska, ya jiƙa hatsin sha'ir ya yi laushi saboda waɗanda haƙoransu suka ƙare.

A garken ba a duka, ko da tsinke. Wannan dokar Haj ce. Akwai kuma wata da Kamilou ya ƙirƙiro da kansa, yana alfahari da ita. In doki ya warke ya yi ƙiba, sai ka ga mai shi ya tuna da shi, ya zo da shaidu da rantse-rantse. Kamilou ba ya musu da kowa. Buɗe ƙofa yake yi ya ce, "Tsaya nan, miƙa hannu, ka kira. In ya zo ya taɓa hannunka, naka ne." Ba a taɓa samun dokin da ya zo ba. Da dabba ta ji muryar mai bulalarta sai ta nufi ƙarshen katanga tana kyarma. Mutum ya juya da kunya, Haj ya yi ta dariya har tari ya kama shi.

Ba shi kaɗai ne a ɗakin da ke jikin garken ba. Akwai yayarsa, Hadjara. Tun tana budurwa aljani ke hawanta a gida. Kamilou yana ƙarami ya sha leƙowa ta tsakanin ƙafafun manya, ana kaɗa goge da ƙwarya, ita tana tashi sama tana faɗowa ƙasa da ƙarfi, tana magana da muryar da ba tata ba, jama'a na miƙo buƙatunsu. Washegari ko tulu ba ta iya ɗagawa. Da jikinta ya lalace, hawan ya yi ta raguwa har ya daina, masu zuwa ma suka daina. Ta biyo mijinta Libiya, mijin ya wuce Tarabulus bai waiwayo ba. Kamilou ya tsince ta tana wanke-wanke a wani gida cikin Sabha, ta rame, magana sai da ƙyar. Ya kawo ta wurinsa.

Cikin dawakin akwai wata tsohuwar goɗiya da suke kira Gunya saboda launinta, fari mai ɗan rawaya. Ido ɗaya gare ta, ɗayan bakin bulala ya tsiyaye shi. Da aka kawo ta ba ta yarda ko inuwar mutum ta taɓa ta. Hadjara ce ta riƙa zama nesa da ita da kwanon dusa, ba kira, ba lallashi, har ranar da dabbar ta tako da kanta ta ɗora haɓa a kafaɗarta. Tun daga nan duk inda Hadjara ta sa ƙafa, Gunya na biye. Daga baya ta yarda da Kamilou ma, har tana lalube masa aljihu tana neman dabino.

To, yana tafe da damin a ka, sai injin ban ruwa na maƙwabta ya yi tari ya mutu. An ɗauke wuta. Ba sabon abu ba ne a wannan yanki na Fezzan, sai dai yau ba za a ji kiran magariba daga lasifikar Samnu ba ke nan. Kurciyoyi suka yi tsit. Ba abin da ya rage sai ƙarar takalminsa da ɗigar ruwa a magudana.

Sai wani ƙamshi ya iso shi. Ba na dabino ba, ba na ɗanyar ciyawa ba. Turaren wuta ne irin na gida, wanda rabonsa da shaƙarsa tun yana yaro.

Mutum na zaune a bakin tsohuwar rijiyar. Dogo, da baƙin rawani, ya rufe baki da hanci.

"Sannu da aiki, ɗan Dogondutsi."

Hausar ta daki Kamilou a ƙirji. Ba ta kasuwar Sabha ba ce, mai gauraye da Larabci da Faransanci. Irin ta kakanninsa ce, tsantsa, a hankali. Idonsa ya kawo ruwa, har bai tsaya ya tambayi kansa yadda baƙo ya san garinsu ba.

"Yawwa Baba, sannu da hutawa. Daga gida?"

"Daga gida. Na sha tahiya." Ya miƙe tsaye. "An ce nan kuke tara waɗanda anka yar."

"Nan ne."

"Goɗiyata na wurinku."

Murnar Kamilou ta koma ciki. Ashe irin su ne. Ya dubi hannun mutumin: ba ragama, ba igiya, ba sirdi a gefensa.

"Baba, ai wanda ya yar ya yar."

"Ban yar ba. Aje ta na yi ta huta. Na ji ta murmure."

"Haka dukanku kuke cewa. Har da mai cewa ciwon ido ya hana shi ganin inda ya ɗaure nasa." Ya gyara damin a ka. "Taho, muna da yadda muke yi. Kada dai ka ji kunya a gaban ɗan cikinka."

Suka jera. Ƙarar takalmin mutum ɗaya Kamilou ke ji. Ya ce a ransa yashi ne.

Kullum in ya ɓullo da ciyawa, haniniya ke tarbarsa tun daga nesa. Yau babu. Dawakin duk sun cure a ƙarshen katanga, kunnuwa a kwance, warin guminsu ya cika wurin. Gunya kaɗai ce a tsakiyar fili, kusa da kwamin ruwa, inda Hadjara ke sunkuye tana ɗauraye bokiti.

Ya sauke damin, ya zare sarƙa, ya tura ƙofar.

"Tsaya nan. Miƙa hannu, ka kira. In ta zo ta taɓa hannunka, taka ce."

"Goɗiyar da ta zo ta taɓa hannuna."

"Taka ce."

"Ɗaya nika so."

"Ɗaya za ka samu, in ka samu."

"Ka hwaɗi da bakinka."

"Na hwaɗi."

Baƙon ya miƙa hannu. Hannun ya fito daga cikin riga, ya yi ta fitowa, ya fi hannun mutum tsawo.

Bai kira suna ba. Daga cikin rawanin wani sauti ya fito, siriri, mai ja. Kukan goge. A ƙarƙashinsa ana buga ƙwarya, kas, kas, kas, ba tare da yatsa ya motsa ba.

Bokiti ya faɗi.

Hadjara ta miƙe. Wuyanta ya karye baya. Hancinta ya buɗe tana huci. Ƙafarta ta dama ta daki ƙasa, ta sake daka.

A nan Kamilou ya tuna. Matan garinsu ba sa cewa Hadjara mai aljani. In an hau mace, goɗiya ake ce mata. Goɗiyar wane.

Ta fara takowa.

"Yaya!" Ya sheƙa da gudu ya kama tsintsiyar hannunta. Sanyi ƙalau, jiƙe da gumi. "Yaya, ni ne, Auta. Dube ni."

Ta girgiza hannu sau ɗaya, ya je ya daki kwamin ruwa da baya.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu. Farkonta ya zo. Tsakiyar ta ɓace masa kamar bai taɓa karantawa ba.

"Baba, don Allah! Dabba nike nuhi! Ba mutum ba!"

"Ka hwaɗi."

Fuskar Hadjara ba tata ba ce, amma hawayen da ke zuba nata ne. Leɓenta ya motsa, muryarta ta gaskiya ta fito ƙasa-ƙasa, daga can ciki.

"Auta. Ba ni iyawa kuma."

Ƙafafun ba su tsaya ba.

A bayanta Gunya na biye, kamar kullum, haɓa kusa da kafaɗarta. Tana kyarma, amma tana biye.

Hannun Kamilou ya faɗa kan wani abu a gindin kwamin. Guntun tiyo ne, mai kauri, wanda rana ta busar.

Ya dubi tiyon. Ya dubi ƙofar, wadda ita kaɗai ce mafita a garken. Ya dubi Gunya.

Ya tashi, ya zagaya ta gefen idon Gunya da ba ya gani.

Ya ɗaga, ya sauke a cinyarta da dukan ƙarfinsa.

Ba ta gudu ba. Tsayawa ta yi cak. Ta juyo da kai a hankali tana neman wanda ya dake ta, ta wuce shi da ido, ta duba bayansa. Ba ta yarda shi ne ba.

Tsakanin yatsun Hadjara da hannun baƙon bai wuce kamu ɗaya ba.

Ya sake dukan Gunya.

Ta yi wata ƙara da bai taɓa jin doki ya yi ba. Ta zabura, ta ture Hadjara gefe, ta nufi ƙofa. Hancinta ya daki tafin hannun.

Gogen ya tsinke.

Hadjara ta zube kamar jiƙaƙƙen zane.

Shiru. Can nesa, ɗigar ruwa.

"Ɗaya," in ji Kamilou. "Kai ka ce ɗaya."

Rawanin ya juyo gare shi ya daɗe. Ba fushi a ciki, ba gaggawa.

"Tsohuwa ce," in ji baƙon a hankali. "Ba ta kai ni nisa."

Sai ba kowa a bakin ƙofar.

Gunya ce kaɗai tsaye. Bayanta ya lotsa. Gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta yi nishi, ta miƙe da ƙyar. Gefen bakinta ya ja baya, kamar an finciki linzamin da ba a gani.

Ta juyo da idonta ɗaya. Wannan karon shi ta kalla.

Sannan aka juya ta, ta shiga cikin dabinai da sukuwar da ƙafafunta ba su yi ba tun tana ƙarama. Ya tsaya yana jin kofatanta har suka ɓace. Sai a lokacin ya ga tiyon na hannunsa.

Bayan 'yan kwanaki makiyaya suka ga gawarta a yashi, ta wajen garin Zighan nake jin aka ce. Kofatanta sun tsattsage, gefen bakinta duka biyu ya yage. Kamilou ya faɗa wa Haj cewa ƙofa ce ya manta a buɗe. Da aka kawo gawar, dattijon ya durƙusa, ya bi shatar tiyo biyu da ke cinyarta da yatsa, ya ɗago ya dube shi. Bai tambaya ba, bai kuma kore shi ba. Suka binne ta a gindin dabino.

Kamilou bai sake buɗe wa kowa ƙofa ya ce ya kira ba. Masu zuwa neman dawakinsu, Haj ne ke fitowa da sanda ya sallame su. Dawakin garken kuwa sun ga abin da suka gani. Da Kamilou ya shigo sai su nufi ƙarshen katanga. Ya koma ɗaukar ciyawa da kwashe kashi, wankin gyambo ya koma hannun Hadjara. Ita ta warware, har magana ta ƙaru mata, wani lokaci har da 'yar dariya.

Wata safiya tana shafa wa wani sabon doki magani a gadon baya, shi yana tsaye daga wajen katanga inda dabbar ba za ta tsorata ba, sai ya kasa haƙuri.

"Yaya, da ban yi ba, da da ke ya tahi."

"Na sani, Auta. Allah ya yi maka albarka."

Ta ci gaba da shafawa. Ya ɗauka ta gama, har ya juya zai tafi.

"Sai dai ni na san nauyinsa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na san yadda ake sunkuyawa a ɗauke shi. Ita ba wanda ya koya mata."